Kod ɗinka ya fara tambayar sigar Python kafin ya yi komai

Jama'a, matasanmu da ke koyon Python a nan Mount Hope, cikin Bronx, da yawansu ba su kaɗai suke aiki ba. Ka rubuta kod a sabuwar laftof, ka tura wa ɗan'uwanka a Kano ko Kumasi ta WhatsApp, shi kuma tsohuwar kwamfuta gare shi. Sai ya ce maka abin ya ƙi tashi. Sau da yawa laifin na sigar Python ne.

Ra'ayina: duk fayil ɗin da za ka ba wani, ka sa ya duba sigar da kansa tun a layin farko. Buga python --version bai isa ba, domin kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da Python biyu ko uku, kuma wadda ta amsa maka ba lallai ita ke tafiyar da fayil ɗin ba. sys.executable ne zai nuna maka ainihin wadda ke aiki.

Amma a yi hattara da yadda ake dubawar. Wasu suna yanko haruffa uku na farko, wato sys.version[:3]. Da 3.10 ta fito a Oktoba 2021, wannan dabara sai ta riƙa ba da "3.1". Haka kuma idan ka gwada su a matsayin rubutu, Python za ta ce "3.10" ba ta kai "3.9" ba, tunda harafi-harafi take bi. Abin da ya dace shi ne:

import sys
if sys.version_info < (3, 10):
    sys.exit("Ana buƙatar Python 3.10 ko sama")

Nan lambobi ake gwadawa, babu ruɗani.

Akwai wani tarko. Python tana karanta fayil gaba ɗaya kafin ta fara aiki. In ka yi amfani da match, wadda ta zo a 3.10, tsohuwar siga za ta jefo SyntaxError tun ba ta kai ga saƙonka ba. Don haka ka ware binciken a ƙaramin fayil, shi kuma ya kira sauran.

Wani zai ce ai kowa ya sabunta tasa kawai. Gaskiya ne an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, kuma kowace sabuwar siga shekara biyar ake ba ta. To amma mai sayen data da kuɗin aljihunsa, ga wutar da ba tabbas, ba kullum yake sauke sabon abu ba. Layi uku sun fi masa sauƙi a kan ya kwana yana neman kuskuren da ba nasa ba.

Wace siga ce a kwamfutarku? Ku faɗa mana a ƙasa.