Ƙin Cin Alade Kaɗai Ba Ya Raba Ka Da Tsila

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zangunanmu, daga Agege ta Ikko har Sabo ta Badun: wai tsutsar nama ciwon masu cin alade ce, mu ba ruwanmu. Jama'a, wannan magana yaudarar kai ce, kuma mu take cuta.

Gaskiya ne wanda ya ci naman alade da bai dahu ba yakan kwashi tsila a hanjinsa. Amma babbar masifar tana gaba. Mai ɗauke da ita yana zubar da ƙwayayenta cikin bayan gida. In ya taɓa abincinka bai wanke hannu ba, ko ƙazantar ta gangara rijiya ko lambu, to ka haɗiye su ke nan, ko da ba ka taɓa ganin alade ba. Daga hanji sai su bi jini har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama inda cutar ta yi katutu, ita ke jawo kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. A 1992 likitoci a Amurka suka ba da labarin Yahudawa 4 a birnin New York, waɗanda addininsu ya haramta musu alade, ga tsutsar a ƙwaƙwalwarsu. To, mu da muke cin abincin kasuwa, muna haɗa makewayi ɗaya da 'yan haya ashirin, wace katanga muke taƙama da ita?

Sa'an nan ita ma saniya tana da tata tsilar, wadda kan kai mita 10 a cikin mutum. Ƙofarta kuwa tsiren nan da ake saukewa da gaggawa, waje ya ƙone, ciki jina-jina. Yaji da ƙuli ba sa kashe ta, wuta ke kashe ta. Masana sun ce zafin tsakiyar tsoka ya kai digiri 63, niƙaƙƙen nama kuwa 71. Mai tsire ba shi da ma'auni, amma kai kana da ido: ka yaga tsokar, in ka ga ja da ruwan jini, a mayar kan wuta.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin mahauta su hana sayar da naman da ma'aikatan lafiya ba su duba a kwata ba. Kai kuma mai saye, wanke hannu da sabulu, ka yi haƙuri nama ya gasu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.