Wanda Hankalinsa Ya Gushe: Kurkuku ko Asibiti?

Ya kai mai karatu, mu ƙaddara wata rana da hantsi a babbar kasuwar Jalingo, wani matashi da aka san yana fama da taɓin hankali ya ɗauki faskare ya rotsa wa mai tireda kai. Kafin 'yan sanda su iso jama'a sun rabu biyu. Wasu na cewa a gama da shi nan take, wasu na cewa a ƙyale shi, ai mahaukaci ba shi da laifi. A nawa ganin duka ɓangarorin sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren kalma ɗaya ce, wato "hauka".

Mu ɗaliban harshe mun san yadda Bahaushe ya faɗaɗa wannan kalma. Mai kwana a bola mahaukaci ne, mai zafin zuciya mahaukaci ne, wanda ƙwaya ta bugar mahaukaci ne, har mai farfaɗiya akan jefa shi cikin sahun. Ita doka ba ta da wannan faɗin. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, kuma Taraba ta gada daga tsohuwar jihar Gongola a 1991, ta taƙaita maganar a sashe na 51. Abin da take tambaya shi ne: a daidai lokacin da mutum ya aikata abin, shin ciwon ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa ba daidai ba ne? In ya hana, ba shi da laifi. In kuwa yana sane, takardar asibiti ba za ta wanke shi ba. Wanda ya sha ƙwaya da ganin damarsa ma bai samu wannan rangwame ba. Bugu da ƙari, a kan wanda ake tuhuma nauyin kawo hujja yake, don alƙali ma ya san tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

Wannan ma'auni ya samo asali ne daga Ingila. A 1843 wani mai suna Daniel M'Naghten ya harbe sakataren Firayim Minista Robert Peel. Kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali, amma ba a sallame shi gida ba. A tsare a asibiti ya ƙare rayuwarsa. Tun kafin wannan, malaman fikihun Malikiyya sun tsayar da cewa ba a yi wa wanda hankalinsa ya gushe ƙisasi, sai dai danginsa su biya diyya. Ka ga ke nan ba a zalunci majinyaci ba, ba a kuma bar jinin wanda aka kashe ya tafi a banza ba.

To, ina gizo ke saƙar? Wajen magani. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Maiduguri da na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, duk doguwar tafiya ce daga Jalingo, ga tsadar mota ga ta magani. Sai iyali su ɗaure ɗansu da mari a ɗaki, ko su sake shi a titi har ya yi ɓarna. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure irin waɗannan bayin Allah da sarƙa a Nijeriya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai doka a takarda ba ta ba kowa ƙwayar magani.

Don haka ina kira ga gwamnatin jiha da ta wadata asibitocin Jalingo da likitocin ƙwaƙwalwa da magani mai rahusa, ta kuma tabbatar likita ya duba duk wanda aka kama ana zargin yana da wannan lalura kafin a tura shi gidan yari.

Mu ma da namu nauyin. Gobe wani cikinmu ne zai zama tafinta a kotu ko mai fassara labarai a rediyo. Idan likita ya bambanta farfaɗiya da maye da gushewar hankali, tafinta kuma ya dunƙule su ya ce "hauka", yana iya jawo a ɗaure marar laifi ko a saki mai laifi. Mu koyi rarrabe kalmomin nan tun muna aji. Allah Ya bar mu da hankalinmu, amin.