Sharhi: Sunan shafin intanet haya ne, to wa ke riƙe da takardar hayar?



Tun ranar 1 ga Yulin 2025 da hukumar USAID ta Amurka ta rufe ayyukanta a hukumance, ake ta lissafin abin da aka rasa a ƙasashe irin namu: magani, abincin yara masu tamowa, albashin ma'aikata. Akwai kuma wata asara da ba ta fitowa sai bayan watanni, wato shafukan intanet da furoje ke buɗe wa ƙungiyoyin manoma, gidajen rediyon karkara da ma'aikatun magadan gari. Furoje in ya tashi, ba ya tafiya da rijiyar da ya gina. Amma shafin intanet yana iya bin bayansa, saboda sunan shafin haya ne, kuma mai biyan hayar ya tafi.

Abu biyu ne ke riƙe da kowane shafi. Na farko ma'ajiya, wato kwamfutar da ke can wani wuri ɗauke da labarai, hotuna da muryoyin da aka sa. Na biyu suna, wanda mutum ke rubutawa a salularsa, mai ƙarewa da .com ko .org ko .ne. Ku ɗauka kamar ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi: kayansa na cikin sito, amma rumfar da kowa ya san shi da ita ta haya ce. Ran da ya kasa biya aka ba wani rumfar, kayansa na nan lafiya lau a sito, sai dai duk mai nemansa wurin baƙo zai tarar. Babu mai sayen suna har abada, ko gwamnati ko attajiri. Shekara-shekara ake biya, kuma ga sunaye irin .com da .org ba a wuce shekara 10 a biya ɗaya.

Sunan ba ya ɓacewa dare ɗaya. ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet a duniya, ta wajabta wa dillalan suna tun 2013 su aika gargaɗi ga mai shi kamar wata ɗaya kafin wa'adi, su sake aikawa saura mako ɗaya, su kuma ƙara cikin kwana 5 bayan wa'adin ya cika. Daga nan shafi ya daina buɗewa, amma ana samun ɗan jinkiri da mutum zai biya kuɗin da ya saba, wanda ba ya wuce kwana 45, wasu dillalan ma ba sa kai haka. Bayansa sai kwana 30 na fansa, inda kuɗin ke ninkawa sau da yawa. Sai kwana 5 na ƙarshe da babu abin da za a iya yi. Daga nan sunan ya koma kasuwa, wanda ya riga shi ne da shi. Wasu dillalan ma tun kafin a kai nan suke sa sunan a gwanjo.

Kuɗin kuwa ba wani abu ba ne. Kamfanin Verisign da ke riƙe da kundin .com ya fara karɓar dalar Amurka 10.26 daga hannun dillalai a Satumban 2024, su kuma suna ɗora ribarsu. In an juya, kamar jika 6 zuwa jika 12 ke nan na Sefa a shekara. Bai kai kuɗin buhun hatsi ba.

To in haka ne, me ke kashe shafi? Galibi ba talauci ba ne. Gargaɗin nan uku duk ta imel suke zuwa, kuma adireshin da aka rubuta ranar rajista shi ake aika wa. In na wani ma'aikacin furoje ne da aka sallama, ko na wani yaro mai ilimin kwamfuta da ya taimaka a lokacin sannan ya wuce Aljeriya ko Abijan, to gargaɗin yana can yana faɗawa akwatin da ba mai buɗewa. Kwamitin rediyo ko na ƙungiya ba zai ji labari ba sai ran da wani ɗan'uwa ya bugo daga Kwatano ya ce shafinku ba ya buɗewa.

Sai kuma hanyar biya. Yawancin dillalan waje katin banki suke karɓa, mu kuma nan harkarmu da NITA, Amana, Al Izza da kuɗin salula take. Ga jika goma a hannu, babu hanyar miƙa ta: rijiya ta bayar, guga ya hana. Mun ga yadda siyasa ke ƙara tsananta wannan. Daga 30 ga Yulin 2023 zuwa 24 ga Fabrairun 2024, takunkumin CEDEAO ya dakatar da hulɗar kuɗi da ta ciniki tsakanin Nijar da maƙwabtanta na ƙungiyar, aka rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya, Najeriya ta yanke wuta. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano su ma ba su tsira ba, domin tun 2022 bankunan Najeriya da dama suka hana biyan kuɗin waje da katin naira, sai a Yulin 2025 suka fara buɗewa. Na'urar da ke ƙirga wa'adin suna ba ta san takunkumi ba, ba ta san an rufe iyaka ba. Ranarta kawai ta sani.

Kada wani ya ce wannan sakacin ƙauye ne. A Disamban 1999 kamfanin Microsoft ya manta biyan dala 35 na sunan passport.com, masu amfani da Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai wani masanin kwamfuta da ba ma'aikacinsu ba ya biya musu daga aljihunsa. A ƙarshen 2020 kuma wa'adin wani suna ya cika a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sunan da rabin na'urorin da ke nuna hanyar duk shafukan .cd na ƙasar suka dogara da shi. Wani mai binciken tsaro ɗan Suwidin, Fredrik Almroth, ya riga kowa sayensa, ya sanar da hukumomi aka gyara. Da mugu ne ya riga shi, da yana iya karkatar da masu neman shafukan ƙasa guda zuwa inda ya so.

Darasin da ya fi kusa da mu daga Mali da Gabon ya fito. Shekaru da yawa wani kamfanin Holan mai suna Freenom yana raba sunaye kyauta masu ƙarewa da .ml na Mali, .ga na Gabon, .cf, .gq da .tk. Masu ƙaramin ƙarfi da yawa sun ruga can. Amma wanda ya karɓi na kyauta ba shi ne mai sunan ba a takarda, aro aka ba shi. A 2023 kamfanin Meta mai Facebook ya kai Freenom kotu kan ƴan damfara da ke amfani da sunayen, Gabon ta karɓe .ga a watan Yuni aka goge miliyoyin sunaye, Mali ta karɓi nata a watan Yuli, a farkon 2024 kuma Freenom ya sanar da barin harkar. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa ba.

A wannan lokacin ne kuma jaridar Financial Times ta fallasa cewa wasiƙun sojojin Amurka masu ɗimbin yawa, da ya kamata su tafi .mil, suna faɗawa .ml na Mali saboda kuskuren harafi ɗaya. Abin lura a nan shi ne: wasiƙa ba ta san mutum ba, suna take bi. Duk wanda ya karɓi sunan shafinku, shi zai riƙa karɓar imel ɗin da ake aika wa adireshin da ke ɗauke da wannan suna. In da wannan adireshi kuka buɗe Facebook na ƙungiya, yana iya neman sabuwar kalmar sirri, ya kwashe shi ma.

Ga mutanen Madarumfa wannan ba maganar wasa ba ce. Yankinmu, daga Gabi zuwa Safo, Sarkin Yamma da Ɗan Isa, ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Ɗan'uwan da ke Libiya ko Legas, in ya ji jita-jitar an kai hari garinsu, shafin da ya yarda da shi yake dubawa. Ku yi tunanin wannan suna a hannun ɗan damfara: ya maido da tambarin da aka sani, ya rubuta cewa ana tara gudummawar fansar wane, ko ta ginin masallaci, ko ta waɗanda ruwan Gulbi ya ci, ya sa lambar aika kuɗi tasa. Wanda ke nesa ba ya da hanyar ganewa, tunda adireshin da ya saba ne. Mafi yawan lokaci ma abin bai kai nan ba, masu farautar tsofaffin sunaye ne ke saye su cika shi da tallar caca ko hotunan batsa. Ko wannan ya isa abin kunya ga suna da aka rubuta a allon ƙofar rediyo ko ta makaranta.

Wasu za su ce ai Facebook da WhatsApp sun wadatar. Ga ƙaramar ƙungiyar mata masu zogale a Jiratawa, wataƙila haka ne, ba dole kowa ya yi shafi ba. Sai dai can ma ɗakin baƙo ne, mai gida na iya rufewa ba shawara, kuma ranar 4 ga Oktoban 2021 duniya ta ga su duka sun ɗauke kusan awa shida. Wanda kuma ya riga ya buɗe shafi har jama'a suka san sunan, ko ya daina sa labari, gara ya ci gaba da biyan hayar sunan da ya bar shi ga wanda bai sani ba.

Akwai masu ganin a koma .ne na ƙasarmu. Kundin duniya ya daɗe yana nuna SONITEL a matsayin mai kula da shi, kamfanin da aka haɗe da SahelCom a 2016 ya zama Niger Telecom. Amfaninsa shi ne mai kundin yana Yamai, kuma sunan yana nuna daga ina shafin yake. Amma a sani, kwanakin jinkirin da muka lissafa ba su ɗaure sunayen ƙasashe ba, kowace ƙasa da dokarta. Mai .ne ko .ng sai ya tambayi sharuɗɗan tun ranar rajista.

Maganin abin mun san shi daga harkar gona. Tun dokar karkara ta 1993 ake gaya mana cewa jingina ko aron gona ba takarda rigima ce ake ajiye wa ƴaƴa. Haka sunan shafi. A rubuta shi da sunan ƙungiya, ba da na mutum ɗaya ba, komai amanarsa. Imel ɗin rajista ya zama wanda mutum biyu ko uku na kwamiti ke buɗewa, kuma kada ya zama mai ɗauke da sunan shafin kansa, don in sunan ya mutu tare za su mutu. A rubuta ranar wa'adi a littafin ma'aji, kusa da kuɗin wuta da na gazuwal. Ranar ba ɓoyayya ba ce: ga .com da .org kowa na iya duba ta kyauta a lookup.icann.org. A kuma riƙa kwafe labarai da muryoyi ana ajiyewa wani wuri daban.

Ku kuma ƴan'uwa na waje masu katin banki, ga inda hannunku zai kai. Mutum biyar in suka haɗa jika goma-goma, sun biya wa shafin garinsu shekaru da yawa a lokaci ɗaya. Sharaɗi ɗaya ne: ku biya, amma sunan ya zauna a hannun kwamiti, a kuma aiko da shaidar biya a ajiye a gida. Furoje kuwa, duk wanda zai tashi, a tambaye shi kalmar sirrin rajista kamar yadda ake karɓar makullin ofis.

A zaman kwamiti na gaba, ko na rediyo, ko na ƙungiyar manoma, ko na ma'aikatar magajin gari, a samu mai ɗaga hannu ya yi tambaya uku: da sunan wa aka rubuta shafinmu, wace rana wa'adinsa ke cika, wa zai biya kuma ta wace hanya? In an rasa mai amsawa, to a fara nema tun yau, kada a jira ɗan'uwa ya bugo daga nesa.