WA YA TAMBAYE MU?

'Yan uwana mata, ni dai abin nan da ake kira tsarin mulki ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An buɗe shi da cewa wai mu jama'ar Nijeriya ne muka taru muka tsara wa kanmu. Mu su wa? Ke an tambaye ki?

Wanda muke kai yanzu, gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta sa masa hannu a watan Mayun 1999, alhali an gama zaɓen shugaban ƙasa tun Fabrairu. Kin ji fa! An ɗaura aure sannan aka zo yanka sadaki. Shi ɗin ma na 1979 aka kwafo, wanda Janar Murtala ya kafa wa kwamiti a 1975. Maza 49 ne reras, ko mace ɗaya babu. Na Turawa kuwa, na 1960, ko ƙuri'a bai ba matan Arewa ba, duk da gidan yarin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha saboda mu.

To yau mene ne abin mamaki? Namiji ya auro baƙuwa daga waje, an yanka mata hanyar zama 'yar ƙasa. Ke ki auri baƙo, mijinki ko oho. A 2022 an kai maganar gyaran majalisa, suka yi fatali da ita. Yo wa zai tsaya mana? Kujeru 109 ne a majalisar dattawa, bayan zaɓen 2023 mata ko 5 ba su kai ba. Amma ranar zaɓe mu ne cikin layi, rana na dukanmu, ga goyo.