Gidan giya na ƙauye da ya ƙi faɗaɗa tukunya

Jama'a, kada a yi saurin yanke mani hukunci. Giya haramun ce gare mu, ba kuma ita nake tallatawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wasu mutane ke riƙon sana'arsu.

A ƙasar Beljik akwai wani ƙauye mai suna Westvleteren. Nan ne wasu kiristoci masu zaman zuhudu ke dafa giya cikin gidan ibadarsu na Saint-Sixte tun wajen 1839. Iri uku kawai suke yi: wata fara-fara da suka fito da ita a 1999, sai mai lamba 8, sai mai lamba 12, wadda ta fi ƙarfi. Shekara da shekaru ko takarda ba su liƙa wa kwalbar ba, da launin marfi ake gane su: kore, shuɗi, rawaya. Sai a 2022 suka fara sa takarda.

A 2005 masu ɗanɗanon giya a intanet suka ce mai lamba 12 ta fi kowace a duniya. Motoci suka cika hanyar ƙauyen. Mu nan, me za mu yi in kasuwa ta buɗe mana haka? Kun san amsa. Mai nono ta ƙara ruwa, mai yaji ta ƙara dusa, mai man gyaɗa ya gauraya da wani abu. Su kuwa suka ce ba za su mai da gidan masana'anta ba. Abin da zai ciyar da su, ya gyara gini, a taimaki mabukata, shi ke nan. Mai saye sai ya nemi rana tukuna, a ƙayyade masa akwati nawa zai ɗauka, ya kuma yi alkawarin ba zai sake sayarwa ba.

To, ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne ko'ina. A 2018 wani babban kanti na ƙasar Holan ya tara kwalba 7.200 ta bayan gida, ya sayar da kowace kusan ero 10, wato sama da jaka shida na sefa. Masu gidan suka fito fili suka yi tir. A 2019 suka mai da odar ta intanet, don su riƙa gane wanda ke saye.

Ban ce ku ƙi riba ba, iyayenmu mata, ku da ke ciyar da gida da cinikin yini. Su ba su da ɗiya, ba su biyan kuɗin lakwal. Amma sau nawa a shirina na rediyo mai sauraro ke kira ya ce furar wance ta canza tun da ta yi suna? Ba ya zaginta, gaba kawai yake yi. Albasar Galmi ma da sunan ƙaramin gari ta kai Abijan da Akara, kuma kun san akwai masu cusa wata albasa cikin buhu su kira ta da wannan suna.