ILIMIN ZAMANI: Gurbin da ya yi wa lamba kaɗan

Ɗan kasuwar da littafinsa ya ce akwai buhu 200 na hatsi a sito, amma lissafi ya ƙi daidaita, ba ya tsayawa gardama da littafi. Makulli yake ɗauka, ya buɗe sito, ya ƙidaya. Masu rubuta wa kwamfuta umurni su ma suna da irin wannan makulli, wanda Faransawa ke kira débogueur. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne GDB, da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Yakan tsayar da kwamfuta cak a layin da aka yi wa alama, ya buɗe guraben da take ajiye lambobi da sunaye, domin a ga abin da ke ciki da ido, ba abin da marubucin ke zato ba. In jerin albashin ma'aikata ne, ana bin shi gurbi gurbi har a iske inda aka yi ɓatan kai.

Kowane gurbi kuwa yana da iyakar abin da yake ɗauka, kuma manta wannan ya taɓa jawo babbar hasara. Ran 4 ga Yuni 1996, kumbon Turai Ariane 5 ya tashi karon farko daga Kuru, a Guyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan adam 4. Kafin daƙiƙa 40 su cika, ya karkace ya tarwatse. Aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Jacques-Louis Lions. Aka tsinto na'urori biyu masu auna tafiyar kumbon daga cikin tarkace, aka karanta abin da ya rage a ma'ajiyarsu.

Ga abin da aka iske. Wata lamba mai alaƙa da gudun kumbon a kwance, ana zuba ta cikin ƙaramin gurbi wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32.767. An gado umurnin ne daga Ariane 4, inda lambar ba ta kai nan ba. Sabon kumbo ya fi saurin gudu a kwance, sai lamba ta fi ƙarfin gurbinta. Na'urar ko-ta-kwana ta fara tsayawa, babbar ta bi ta, tunda umurninsu guda ne. Kwamfutar tuƙi kuma ta ɗauki saƙon ƙorafin na'urar tamkar bayanin tafiya, ta juya kumbon da ƙarfi.

Abin takaici, injiniyoyi sun san da gurabe 7 masu irin wannan haɗari. Suka kare 4, suka bar 3 bisa hujjar ba za su cika ba. Wannan amincewa da littafi ce ba tare da an shiga sito ba, domin ba a gwada na'urar da hanyar tashin sabon kumbon ba. Bayan hatsarin, da aka ba umurnin ainihin lambobin tafiyar Ariane 5 a ɗakin gwaji, sai ya tsaya daidai yadda ya tsaya a sama.