Ƙafa Ba Abar Raini Ba Ce

A ɗakin awo muna auna ciki, muna auna jini, amma da na ce mace ta cire takalmi sai ta ce, "Sista, ai ƙafa ce kawai." A ra'ayina wannan rainin yana jawo mana asara, domin a ƙafa wasu manyan cututtuka ke fara bayyana.

Kula da ƙafa fanni ne mai zaman kansa. A Ingila ana yin digirin shekara 3 a kansa, a Amurka kuwa shekara 4 bayan digirin farko, sannan horo a asibiti. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26. Masanin ƙafa yana gwada ko jijiyoyi na ji ta hanyar taɓa tafin ƙafa da siririn zare na roba, ya duba gudun jini, ya cire farcen da ya shige nama, ya kankare kaushi, ya yi jinyar gyambon masu ciwon suga. Aikin na buƙatar ido mai lura, hannu marar rawa da haƙuri. Irinsu ƙalilan ne a ƙasar nan, don haka nake kira ga matasanmu su nemi wannan ilimi.

Kafin su wadata, nauyin yana kanmu. 'Yar'uwa mai juna biyu, kumburin ƙafa biyu da yamma a watannin ƙarshe abu ne da aka saba gani. Ki ɗora su a kan matashi. Amma in kumburin ya zo farat ɗaya har fuska da hannu, da ciwon kai, ko ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo, a taho asibiti nan take. Yana iya zama hawan jini mai kai wa ga jijjiga, ko gudan jini a jijiya.

Mai ciwon suga kada ta yi yawo ba takalmi, kada a yanke mata kaushi da reza, kuma a gwada zafin ruwan wankan jego da gwiwar hannu, domin ƙafar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba.

Wasu za su ce faso da kaushi gado ne. To, ƙaramin tsagu ne ke zama gyambon da ake yanke ƙafa dominsa. Maigida, ka taya ta duba ƙafarta kullum tunda sunkuyo ya yi mata wuya.

Allah Ya sauke ku lafiya.